Ruwan Agusta da Manhajar da Ta Ƙirga Kwana Biyu

A Cadawa da ke gundumar Agye, kamar a Gazawa da Gidan Runji, ruwan watan Agusta ne kan nuna yadda kakar gero da aya za ta kasance. Shi ya sa malaman gona ke rubuta abin da ma'aunin ruwan sama ya tara kowace safiya. Idan ɗalibin yankin da ke koyon kwamfuta a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya ɗauki waɗannan alƙaluma 31 don ya haɗa jimillarsu da harshen C, zai ci karo da tarkon da ya daɗe yana kama sababbin shiga.

Aikin dai a ido mai sauƙi ne. Zai zuba alƙaluman cikin jeri guda, sannan ya miƙa jerin ga wani ƙaramin sashe na manhajar wanda aikinsa tarawa. Sai amsa ta fito da ruwan kwana biyu kacal, sauran 29 ko sama ko ƙasa.

Asalin matsalar na cikin tsarin harshen, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a 1972. Harshen C ba ya kwafe jeri ya miƙa wa sashen aiki. Adireshin gurbin farko kawai yake bayarwa. Tamkar a kwatanta wa mutum ƙofar rumbu ne ba tare da an faɗa masa damin da ke ciki ba. A inda aka ƙirƙiri jerin, umarnin sizeof zai auna bayit 124, a raba da 4 na kowane alƙalami a samu 31. A cikin sashen kuwa adireshin yake aunawa, wanda bayit 8 ne a galibin kwamfutocin yau. A raba 8 da 4, ga kwana biyun nan. Maganin shi ne a riƙa miƙa jerin tare da adadin abin da ke cikinsa.

Tunda adireshi aka miƙa, duk abin da sashen ya sauya ya sauyu a ainihin jerin. Haka kuma ƙirgen gurabe daga 0 yake farawa, don haka ranar ƙarshen Agusta tana gurbi na 30. Wanda ya leƙa na 31 ya shiga hurumin da ba nasa ba, kuma harshen ba zai tsawata masa ba.

Wajen karanta bayanai, ɗalibin Nijar yana da ƙarin nasa ciwon kai. Tun daga firamare da waƙafi ya saba rubuta 12,5 bisa tsarin Faransanci, alhali umarnin scanf, in ba a sauya masa saiti ba, 12.5 yake jira da ɗigo. Zai ɗauki 12 ya tsaya cak a kan waƙafin, duk karatun da ya biyo baya kuma ya ci tura. Ga shi scanf na sanar da adadin abin da ya iya karantawa, amma ba kasafai sabon shiga ke duba wannan ba.

Sakacin rashin kula da iyakar jeri ya taɓa girgiza duniya. A Nuwamban 1988 tsutsar kwamfuta ta Robert Morris ta bi ta umarnin gets, wanda ba ya duba tsawon jeri, ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet. Sai a 2011 aka cire umarnin daga ƙa'idar harshen. A 2014 ma ɓarakar Heartbleed ta fallasa sirrin shafuka da dama saboda karanta abin da ya zarce iyaka.

Harshen Python da Guido van Rossum ya fitar a 1991 ya rage wahalar, domin jerinsa ya san tsawon kansa. Duk da haka C ne ke koya wa ɗalibi abin da ke gudana a ƙwaƙwalwar na'ura. Ya kamata malamai su riƙa ba ɗalibai alƙaluman gida, na ruwan sama ko na farashin tiyar gero, su sa su lissafa da hannu kafin su gaskata amsar allo.