Gauraka, Tsuntsun Ƙasarmu

Ƙasashe da yawa suna da tsuntsun da suka ɗauka alamarsu. Mutanen Denmark sun zaɓi nasu ta hanyar ƙuri'a a 1984: wani babban farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, wanda Turawa ke kira suwan. A Ingila kuwa, irin waɗannan tsuntsaye da ba su da mai su na Sarki ne, har akan bi kogin Tems kowace shekara a ƙirga su.

To, mu fa? Tsuntsun ƙasar Nijeriya shi ne gauraka. Kada a ruɗe da jar mikiyar da ke kan tambarin ƙasa, ita daban ce. A shekarun 1960 har an buga hoton gauraki a kan sarki na sule da taro. Uganda ma ta sa ɗan'uwansa a tsakiyar tutarta tun 1962.

Gauraka yakan kai mita ɗaya a tsaye. Jikinsa baƙi-baƙi ne, fukafukansa da fari, kumatunsa fari da ja, a kansa kuma ga tukku mai launin zinariya kamar kambin sarauta. Abincinsa fara da kwaɗi da ƙwayar ciyawa da hatsi. Da damina yake sheƙa cikin ciyawar fadama, macen ta saka ƙwai biyu ko uku, su yi ta kwanci ita da namijin kamar wata guda.

Na tambayi kakana a Faru, ya ce da ƙuruciyarsa yakan ji kukansu da asuba daga fadama. Ni kuwa shekarata goma sha shida, ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Fari na 1973 da na 1984 ya busar da fadamu. Madatsun ruwa, irin na Bakolori da aka gama a 1978, sun rage ambaliyar da ke cika su, abin da ya saura kuma an nome. Ga masu kama shi su sayar wa attajirai don adon gida, inda da wuya ya hayayyafa. Tun 2010 masana suka sa shi cikin tsuntsayen da ake jin tsoron ƙarewarsu.

'Yan'uwana 'yan makaranta, ku dubi shamuwa. Ba ta da sarautar kome, amma a tsakiyar gari take sheƙa, ba yaron da ke harbinta, domin iyayenmu sun koya mana ita ce mai bushara da damina. Ashe ba suna ke tsare tsuntsu ba, tarbiyya ce. Ina roƙon iyayenmu su yi wa gauraka irin wannan gata: kada a saye shi, kada a kwashe ƙwansa, a kuma bar masa ɗan gefen fadama. Allah ya sa ƙannenmu su ji kukansa da kunnensu, amin.