Kafin Ka Sauya Rediyon Motarka

A tsofaffin motoci sauya rediyo ba wuya: a zare wannan, a cusa wancan. Ramin ma girmansa sananne ne, faɗi milimita 180, tsayi 50 ko 100.

Motocin zamani kuwa sai da hattara. Rediyonsu na magana da kwamfutar motar ta wani layin sadarwa da ake kira CAN, kuma a wasu, maɓallan sitiyari, kyamarar baya, har saitin na'urar sanyaya mota duk ta cikinsa suke bi. In mai wayarin ya haɗa wayoyi da ka, kana iya wayar gari batir ya mutu, don rediyon bai san an kashe mota ba.

Nemi mahaɗin waya na ƙirar motarka, kuma a cire kan batir kafin aiki. Wanda ya ce sai ya yanka wayoyin asali, karɓi makullinka.