Abincin Ɗan Goye Yana Cikin Rumbu

Kaka ta yi. An yanke gero an ɗaure dammuna, an cire gyaɗa, an shiga roron wake. A irin wannan lokaci ne maigida yakan zauna ya yi lissafi: dami kaza na ci, buhu kaza na sayarwa, kaza na iri, kaza na biyan bashin taki. To, akwai mutum ɗaya a gidan da ba safai akan sa shi cikin lissafin nan ba, ga shi kuwa ya fi kowa bukata. Shi ne ɗan goyen nan da ya kai wata shida, ya fara zama da kansa, ya fara kai hannu akushi in ana cin tuwo.

Tun daga haihuwa har wata shida nonon uwa ya ishi yaro ci da sha, ko ruwa ba ya bukata, ko da bazara ce. Wannan ita ce shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2001. Daga wata shida kuwa jikinsa ya ƙaru, nono shi kaɗai ba ya ƙosar da shi. Sinadarin ƙarfe da ya fito da shi daga ciki, watau wanda jiki ke yin jini da shi, ya fara ƙarewa. A nan ne za a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da ba shi nono har shekara biyu ko fiye. Fara cin abinci daban, yaye daban.

Ruwan koko ba ya gina yaro

Abin da aka saba yi a yawancin gidaje shi ne a dama koko ko kunu na gero zalla, a tsinka shi da ruwa don ya yi sauƙin haɗiya, a ba yaro. Ya sha, ciki ya yi tim, uwa ta ce ya ƙoshi. Amma fa abin da cikin yaro ɗan wata shida ke ɗauka a zama ɗaya bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. In aka cika wannan ɗan wuri da ruwa, ina abinci zai shiga? Ga shi kuma an tace gasara an zubar da dusa, an rage wa hatsin amfaninsa tun bai kai tukunya ba. Manomi ya san gonar da ake ta ba ruwa ba taki: shuka takan tsira, amma ba ta yin zangarniya ta kirki.

Wannan ba sabon zance ba ne. A 1933 wata likita mai suna Sisili Wiliyams, wadda ke aiki a asibitin yara a ƙasar Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu, ta rubuta bayanin wata cuta da take gani ga yaran da ake ciyarwa da kokon masara kaɗai. Ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa, yaro ya daina wasa. A 1935 ta sa wa cutar sunan da mutanen Ga na bakin teku ke kiranta da shi, kwashiyoko, ma'anarsa ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Hausawa sun san ta da 'yar'uwarta mai ramar da yaro har ya koma ƙashi da fata, suna kiransu tamowa.

Tamowa ta fi tsanani da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, iyaye suna gona, ga zazzaɓin sauro ga gudawa. A 2005 ta yi ɓarna ƙwarai a Jamhuriyar Nijar, musamman jihar Maraɗi, wadda kowa ya sani da noma. Dubban yara aka ceto a wannan shekara da wani abinci na cikin 'yar leda mai suna Plumpy'Nut, wanda aka ƙago a Faransa a 1996. Me ke cikinsa? Niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari da sinadaran bitamin. Watau gyaɗar nan da manomi ke ɗorawa a mota ya kai kasuwa ita ce uwar maganin. Wannan na asibiti ne, na yaron da ciwo ya riga ya kama. Na gida kuwa, wanda zai hana a kai ga haka, ga yadda ake yinsa.

Shida, uku, ɗaya

Hatsi yana ba da ƙarfi, amma abin da ke gina tsoka a cikinsa bai wuce kashi 10 bisa 100 ba, ko da 'yan kai. A gyaɗa ya kai wajen kashi 25, ga mai kusan rabinta. A waken suya kuwa ya kusa kashi 40. Har wa yau abin da hatsi ya gaza da shi wake yana da shi, abin da wake ya gaza da shi hatsi yana da shi, saboda haka in an gama su sai su cika juna. Garin da ake yi da su ukun nan shi ne ma'aikatan asibiti ke kira Tom Brown.

A ɗauki ma'auni ɗaya, ko gwangwanin madara ko mudu. A auna hatsi shida, gero ko dawa ko masara ko a gauraya su. A auna waken suya uku, gyaɗa ɓararriya ɗaya.

Hatsin a tsince shi, a wanke, a rege tsakuwa, a shanya ya bushe sarai, sa'an nan a soya shi sama-sama a kasko har ya yi ƙamshi. Waken suya shi ne mai bukatar haƙuri, domin ɗanyensa yana da wani abu mai hana ciki narkar da abinci, wuta ce kaɗai ke kashe shi. A jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon a zubar, a tafasa shi sosai, a shanya, kāna a soya har ya yi ja kaɗan. Gyaɗa a soya ta, a murje, a fece jan ɓawon a faifai. Kowanne a soya shi daban, gama ba lokaci ɗaya suke soyuwa ba, kuma kada a bari ya ƙone. In sun huce a gama su a kai inji, ko a daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi. A zuba garin a mazubi mai murfi, busasshe, a ajiye inda ba laima. Kada a yi mai yawa, na mako biyu ko uku ya isa, don man gyaɗa yakan sa gari ya canza ɗanɗano in ya daɗe.

Inda ba waken suya, farin wake ya wadatar, a surfe shi a cire ɓawon. Inda mata ke matsar mai, tunkuza mai tsabta wadda ba a sa mata gishiri da yaji ba tana iya zama a madadin gyaɗa.

Wajen damu, a kwaɓa garin da ruwan sanyi mai tsabta, a zuba a tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta kamar minti goma har ya nuna. Ga ma'aunin kauri: a ɗebo a cokali a karkata shi. In ya zube kamar ruwa bai yi ba. In ya tsaya, yana gangarowa a hankali, ya yi.

Dabarar tsiro

Wata uwa za ta ce yaronta ba ya iya haɗiye kunu mai kauri. Akwai dabara, ba sai an ƙara ruwa ba. A jiƙa gero ya kwana, a baza shi a kan jiƙaƙƙen buhu mai tsabta a rufe, a riƙa yayyafa ruwa kwana biyu ko uku har ya tsira. A shanya a rana ya bushe ƙarau, a murje saiwoyin da tsiron a fece, a niƙa. In an sauke kunu mai kauri ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na wannan gari a juya. Cikin 'yan mintoci sai kunun ya saki ya yi laushi, alhali abincin da ke ciki bai ragu ba. Sai a mayar wuta ya sake tafasa, a sauke. Gero ko masara aka fi so a nan. Tsiron dawa yana da dafi, kamar yadda makiyaya suka san ƙaramar dawa kan kashe dabba in ta yi mata yawa.

Abin da za a ƙara

Gari shi ne tushe, amma kowace rana a ƙara masa wani abu daga abin da ke gidan. Ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa ko man shanu yana ƙara ƙarfi. Manja da kabewa da karas da gwanda da mangwaro da dankali mai jan ciki suna da bitamin A, mai kare ido da taimakon jiki wajen yaƙi da cuta. Ganyen zogale ko alayyafo a dafa a murƙushe. In za a yi garin zogale a shanya shi a inuwa, rana tana rage masa amfani. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka shi lilis. Hanta kaɗan, dafaffiya, sau ɗaya a mako, ba abin da ya fi ta ƙara jini. Nonon shanu in za a sa, a tafasa shi tukuna.

Sai ƙwai. Akwai masu cewa in an ba yaro ƙwai zai tashi ɓarawo. Wannan magana ba ta da tushe, ta dai hana yara da yawa abin da ya fi komai gina su a gidan manomi. Zabi suna zuba ƙwai da damina, daidai lokacin da tamowa ke shigowa. Kafin a kai ƙwarya bakin hanya a sayar wa matafiya, a cire na yaro, a dafa shi ya nuna sosai, a murƙushe masa a kunu.

Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau biyu ko uku a yini. A fara da cokali biyu ko uku, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 9 a mai da shi sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko gwanda. In ya shekara ya shiga cin tuwon gida, a zuba masa a kwanonsa daban don a ga abin da ya ci, kada yayye su cinye.

Gyaɗa mai funfuna

Nan ne aikin manomi da ɗan kasuwa ya fi nauyi. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka yi da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Da aka bincika sai aka gano dafin da funfuna ke haifarwa, wanda aka sa wa suna afulatoksin. Yana lalata hanta, ana kuma danganta shi da tsumburewar yara. Soyawa da tafasawa ba sa kashe shi. Yakan kama gyaɗa da masara in fari ya same su a gona, ko fartanya ta fasa kwanso, ko an zuba su a buhu ba su gama bushewa ba. Saboda haka a cire gyaɗa a kan kari, a shanya a kan tabarma ko leda, kada a baza a ƙasa, a ɗora buhuna a kan katako. Wadda za a yi wa yaro gari da ita a tsince ta ƙwaya-ƙwaya, duk mai baƙi ko tsamurarriya ko mai ɗaci a zubar. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona kafin shuka ta yi fure, malamin gona zai yi bayaninsa.

Abubuwan kiyayewa

Kada a yi wa yaro ɗura. Toshe masa hanci a tura kunu yakan sa abinci ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, an sha rasa yara ta haka. A zaunar da shi, a ba shi da cokali, a yi haƙuri, in ya ƙi yau a sake gwadawa gobe. Kada a ba shi zuma sai ya shekara, domin takan ɗauko ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Gyaɗa ƙwaya ɗaya tana iya shaƙe shi, sai niƙaƙƙiya. Gishiri da yaji da shayi ba nasa ba ne, sukari ma ba ya bukata.

Mai ba shi abinci ta wanke hannunta da nasa da sabulu. Kofi da cokali sun fi bulumboti, don sun fi sauƙin wankewa. Kunun da ya wuce awa biyu a ajiye kada a ba shi sai an sake tafasawa, wanda ya kwana kuwa a ba manya. In gudawa ta kama shi kada a daina ba shi nono da abinci, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na asibiti, a nemi ƙwayar zinki.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. A danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa, in an ɗaga wurin ya lotsa bai taso ba, a tafi asibiti ran nan. Ma'aikatan lafiya kuma suna da ɗan tef mai launi uku na auna damtse. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani, kunun gida ba zai isa ba sai da magani.

Ma'aikacin ofis da ɗan kasuwa mazauna birni sukan ga kamar abincin gwangwani na kanti shi ne gata. Ba laifi ga mai hali, amma tsadarsa kan sa a riƙa tsinka shi don ya kai ƙarshen wata, a koma gidan jiya. Kuɗin gwangwani ɗaya zai sayi hatsi da wake da gyaɗar da za su daɗe fiye da shi.

Manomi kuwa ba sai ya saya ba. Waken suyan da yaro ɗaya zai ci daga wannan kaka zuwa ta baɗi ko kwatan buhu bai kai ba, gyaɗar kuwa 'yan tiyoyi ne. Amma in aka sayar da su duka yanzu da araha, da damina sai an saye su da tsada, in ma akwai kuɗin. Uwa ita ke dama kunu, amma mabuɗin rumbu yana hannun maigida. Yadda yake ware iri ya ɓoye tun ba a kai kasuwa ba, haka ya kamata ya ware rabon ɗan goye, ya danƙa wa uwarsa, kafin dillali ya zo da ma'auni. Allah ya raya zuriya, ya sa albarka a abin da aka noma.