Farautar Rani Tsakanin Yola da Kogin Faro

Idan rani ya tsananta a Adamawa, kogin Binuwai yakan janye har yashi ya bayyana ƙarƙashin gadar Jimeta. Lokacin ne daji yake buɗewa: ciyawa ta ƙone, tafkuna sun ƙafe, gwanki da ɓauna da mugun dawa duk suna taruwa a 'yan guraben ruwan da suka saura. Maharbi ba sai ya yi dogon bin sawu ba. Ya laɓe kusa da mashaya kawai.

Daga Yola, hanyar Fufore tana kai mutum Gurin, bakin kogin Faro, kuma tsallaken ruwan Kamaru ce. Iyakar da Turawa suka shata ta raba dajin da a dā duk na Lamiɗon Fombina ne. A ɓangaren Kamaru akwai gandun dajin Faro da na Binuwai, kewaye da yankunan da gwamnatin Kamaru ke ba da haya, inda masu kuɗi daga Faransa da Amurka suke harbi da lasisi. Maharbin gargajiya mai bindigar toka da layu, in ya shiga ba takarda, ɓarawon daji ne a idon hukuma.

Abin da ya faru a gandun dajin Buba Njidda na Kamaru a farkon 2012 ya isa ya tayar da hankalin kowa. Mahaya dawakai daga wajen Sudan da Cadi sun shigo da rani, suka karkashe ɗaruruwan giwaye saboda haure, har gwamnati ta tura sojoji.