Mallakar Gida da Izinin Zama a Ƙasar Waje

Mallakar gida a ƙasar waje daban take da izinin zama a cikinta. A Ingila, alal misali, baƙo yana iya sayen gida, amma da zarar wa'adin bizarsa ya cika, tilas ya fice. Sai dai wasu ƙasashe sun haɗa abubuwan biyu domin jawo masu jari. A shekarar 2013 Sifaniya ta fara bai wa baƙon da ya sayi gida na Yuro 500,000 izinin zama, sannan ta soke tsarin a 2025 saboda tsadar gidaje da ta addabi 'yan ƙasa. Ke nan, doka ce ke ba da izinin zama, ba takardar mallaka ba, kuma doka takan canza.