Kamun kifi lokacin ɗari a wani babban tabkin Amurka

A kudancin ƙasar Amurka, tsakanin jihar Teksas da jihar Luwiziyana, akwai wani gulbi da ake kira Sabin. An datse shi da babban baraji, aiki ya ƙare a shekarar 1969. Ruwa ya taru ya zama tabki, sunansa Toledo Bend. Tsawonsa ya fi kilomita 100, faɗin filin da ya rufe ya kai hekta 75.000. Wurin daji ne a da. Ba a sare itatuwan duka ba, ruwa ya haɗiye su, har yau kututturansu suna tsaye a ƙarƙashi.

Kifin da aka fi nema a can sunansa bas. Babban baki gare shi, ƙananan kifaye yake ci. Wanda ya san giwan ruwa ya san kamanninsa, sai dai bas bai kai shi girma ba ko kusa. Da ƙugiya ake kama shi, ɗaya bayan ɗaya.

Mi ke faruwa in ɗari ya shigo?

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa tana hurawa. Ɗumin ruwan tabki yana sauka har wajen digiri 10. Kifi ba kamar mutum ba ne ko akuya. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. In ruwa ya yi sanyi, sai jikin bas ya mutu. Abincin da yake narkarwa da sauri lokacin zafi, yanzu sai ya yi kwanaki a cikinsa. Saboda haka ba ya jin yunwa kullum, kuma ba ya ɓata ƙarfinsa wajen korar abin da ya yi masa nisa.

Da yawa daga cikinsu suna barin bakin gaɓa su gangara ƙasa, mita 6 zuwa mita 12. Can ruwa ba ya canzawa da sauri tsakanin dare da rana. Suna taruwa a gefen tsohuwar hanyar gulbi, da kwarurrukan ƙoramu da ruwa ya rufe, da gindin itatuwa. Wannan shi ne wahalar kamun ɗari, shi ne kuma daɗinsa. Masunci yana iya wuni bai ga komi ba. In ya dace da matattarar, sai ya kama da yawa bai gusa ba.

Yaya ake gano su?

Masunta suna bin abincin bas. Akwai wani ƙaramin kifi fari mai yawo garke-garke, ana ce masa shad. Inda shad yake, bas yana kusa. Wani lokaci tsuntsayen ruwa ke tona asiri: in suna faɗawa wuri guda, garke yana ƙasa. Jiragen kuma suna da na'ura mai aika ƙara cikin ruwa. Ƙarar ta dawo, na'ura ta nuna zurfin wurin da kifayen da ke ciki.

Shi shad ba ya jure sanyi. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 7, sai ya galabaita, yana makyarkyata yana nutsewa. Bas yana jira a ƙasa, abinci ya zo masa har gida. Masunta sun lura da haka. Suna ɗaura wani ƙarfe mai walƙiya kamar cokali, da ƙugiya a gindinsa. Su sake shi ya kai ƙasa, su ɗaga kaɗan, su bar shi ya faɗi yana juyi. Sau da yawa wajen faɗuwar ne kifi ke kamawa. Wasu suna sa koton roba mai kama da tsutsa, suna jansa a ƙasa sannu sannu, su tsaya, su sake ja. Mai gaggawa ba ya samun komi. Kamun ma ba shi da ƙarfi: igiya ce kawai za ta ɗan yi nauyi.

In an yi kwana biyu ko uku ana rana, ruwan gefen duwatsu yana ɗan ɗumi da yamma, bas ya hauro. In iskar arewa ta sake tasowa, sai ya koma.

Doka ta ce mutum ya mallaki takardar izini. A wannan tabki ba a wuce bas 8 a rana, kuma mai babban bakin da bai kai santimita 36 ba, a mayar da shi ruwa. Amma mayarwar tana da matsala. Kifi yana da jakar iska a cikinsa. In an fizgo shi daga zurfi, jakar ta kumbura, ya kasa nutsewa, ya mutu a sama. Don haka wasu masunta suna huda jakar da allura mai rami kafin su sake shi.

Haɗari mafi girma na mutum ne. Iska tana tada igiyar ruwa, jirgi yana iya karo da kututture. Wanda ya faɗa ruwan digiri 10, numfashi yana sarƙe masa nan take, bayan ƴan mintoci hannuwansa su daina kama abu, ko da gwanin iyo ne. Shi ya sa masu hankali ba su cire rigar ceto, ba su fita su kaɗai, kuma suna ajiye busassun tufafi cikin leda a jirgi.