Masu Sayar Da Sani A Rumfar Haya

Ran 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2023 aka tashi wata kasuwa wadda ba ta da ƙofa, ba ta da rumfa, ba a kuwa taɓa share filinta ba. Sunanta OkadaBooks. Wani mutumin Kudu, Okechukwu Ofili, shi ya kafa ta a 2013, domin marubuta su riƙa sa littattafansu cikin intanet, mai so ya biya ya karanta a wayarsa. Cikin waɗanda suka kasa haja a wurin akwai matan Hausawa da yawa masu rubuta labaran soyayya da zaman aure, waɗansunsu ko hanyar maɗaba'a ba su sani ba. Da masu kasuwar suka ga abin ya ƙi fid da kansa saboda tsananin zamani, sai suka yi shela, suka rufe, bayan shekara goma tana ci.

Tashin kasuwa tsohon abu ne. Abin dubawa shi ne halin da mai haja ya kan wayi gari ciki. Marubuciyar da ta ajiye kwafin rubutunta, ta kuma san masu karatunta da suna da lamba, iyakarta ta kwashe kaya ta sake rumfa, ko ta riƙa sayarwa hannu da hannu ta WhatsApp. Wadda kuwa ba ta san masu sayenta ba sai adadinsu da ta ke gani a allon waya, to, ita da wadda ta fara yau kusan ɗaya su ke.

Fataken goro sun riga kowa ganin irin wannan. Garin Salaga na ƙasar Gwanja, a Gana ta yau, shi ne babban zangon da ayarin Hausawa kan sauka su sayi goro. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, su kuwa Asante suka karkata goronsu zuwa waɗansu kasuwanni, irin su Kintamfo. A 1892 yaƙin basasa ya ƙarasa abin da ya saura, mutane suka watse. Mai rumfa ya bar rumfarsa, gama ba ta ɗaukuwa. Amma fatoman da aka sani da riƙon amana, duk garin da ya sauka baƙinsa suna iya nemansa su same shi. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malamin da ya zauna Salaga yana karantarwa, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin, ya ci gaba da karantarwa da limanci har ya rasu a 1934. Hajarsa tana cikin kansa, don haka ba ta ƙone tare da gari ba.

To, wanda ya ke so ya ci abinci da saninsa ta hanyar intanet, ko malamin tajwidi ne, ko masanin rabon gado, ko tela mai koyar da yanka, ko mai haɗa turare, wajibi ne ya fara sanin matsayinsa. Facebook da YouTube da TikTok da WhatsApp duka rumfunan haya ne, masu su kuwa suna can Amurka da wasu ƙasashe, ba su san shi ba, ba su shawarce shi in za su sake ƙa'ida. Wani lokaci ma ba daga mai rumfa abin ke zuwa ba. Gwamnatin Nijeriya ta hana Twitter aiki ran 5 ga Yuni, 2021, ba ta sake shi ba sai ran 13 ga Janairu, 2022, watau kwana 222. Cikin watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ba ciniki ta waya. Ran 4 ga Oktoba na 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya duka wajen sa'a shida.

Maganin wannan ba shi da wuya, sai dai mutane suna raina shi. Mai sana'a ya sayi littafi na takarda, ya rubuta sunan kowane ɗalibi ko abokin ciniki, da garinsa, da lambarsa, bayan ya nemi izininsa. Duk darasin da ya ɗauka da murya ko da hoto ya ajiye kwafinsa a wuri biyu, ɗaya a wajen wayar da ke aljihunsa, gama waya ta kan faɗa ruwa, ɓarawo kuma ya kan fizge. Kada kuma hanyarsa ta zuwa ga mutanensa ta zama ɗaya tak.

Sa'an nan sai maganar hajar kanta. Kasuwar intanet cike ta ke da masu cewa sun iya kome: yau suna koyar da kiwon kaji, gobe fassarar mafarki, jibi yadda za a yi kuɗi cikin mako guda. Irin waɗannan ba su daɗewa, domin mai saye ya kan gwada abin da aka koya masa, in kajin suka mutu ba ya komowa, ya kuma gaya wa goma. Wanda ya tsaya a fanni guda ƙanƙane wanda ya sha wuyarsa shekaru, misali gyaran makhraji ga manya waɗanda suka sauke tun suna yara amma bakinsu bai zauna ba, shi ne za a riƙa turo wa mutane. Faɗin "ban sani ba, tafi wurin wane" ba ya rage masa kasuwa ko kaɗan. Malaman zaure sun daɗe da wannan ladabi, ga shi kuwa ya zama jari.

Akwai wani ruɗi da ya kan ci sababbin shiga, shi ne ɗaukar taro a matsayin ciniki. Mutum ya ga dubu hamsin suna biye da shi, sai ya tsammaci ya yi arziki, alhali kuwa 'yan kallo ne, kamar taron da kan kewaye mai wasa da kura. A 2018 YouTube ta sa sharaɗi, ba za ta raba kuɗin talla na dogon bidiyo da kowa ba sai ya sami mabiya 1,000, an kuma kalli kayansa sa'a 4,000 cikin wata goma sha biyu. In ya cika, rabonsa kashi 55 ne cikin ɗari. Kuɗin tallan ma ba ɗaya ba ne ko'ina, gama masu talla sun fi biya a kan mai kallo na Amurka ko Ingila bisa na Kano ko Damagaram. Mai magana da Hausa ya kan tara taro mai yawa, ya sami abu kaɗan.

A 2008 wani marubucin Amurka, Kevin Kelly, ya kawo wani lissafi da ya bazu ƙwarai. Ya nuna mai fasaha ba ya bukatar miliyoyi, in ya sami masoya na gaskiya 1,000, kowa yana sayen kayansa na dala 100 a shekara, ya tashi da dala 100,000. Dubu ma ta yi yawa ga malamin da ke zaune a Zariya. A ƙaddara yana da ɗalibai 40, kowa yana biyan Naira 5,000 a wata, ya haɗa Naira 200,000, kusan ninki uku na mafi ƙanƙantar albashi, Naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a 2024. Arba'in ɗin nan kuwa ya san su, ya san muryoyinsu, ya san wanda ke gaggawa a madda da wanda ke haɗiye gunna.

A nan ne babbar mas'ala ta ke, watau kwafa. Huhun goro in an sayar ya bar hannu, ba ya zama biyu. Amma littafi ko darasi in ya shiga waya, mutum guda ya biya, kafin magariba ya tura wa ɗari. Marubutan Hausa na intanet sun daɗe suna kuka da wannan, har su kan rubuta gargaɗi da Allah ya isa a kan shafin farko, ba a kuwa fasa ba. Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai abu ikon neman a sauke kayansa da aka sa a intanet ba da yardarsa ba. Doka ce mai kyau, amma wa zai bi zaurukan WhatsApp ɗaya bayan ɗaya?

Saboda haka mai hankali ya kan raba hajarsa biyu. Abin da ke kwafuwa, kamar darasin da aka ɗauka sau ɗaya, ya sake shi kyauta ko da araha, ya bar shi ya yi yawo, ya zama shi ne sanƙiransa. Abin da ba ya kwafuwa shi ya ke sa wa kuɗi: ɗalibi ya turo karatunsa a saƙon murya, malam ya saurara, ya gyara masa, ya ce sake; mai koyon ɗinki ta turo hoton wuyan rigar da ta yanka, a nuna mata inda almakashi ya zarce; magada su kawo tasu mas'ala da sunayen waɗanda aka bari, a warware musu. Wannan ba mai iya tura shi ga wani, domin ba ya amfanin kowa sai mai shi. Waɗansu marubuta ma irin wannan dabara su ke yi, su saki babin farko kyauta, saura kuwa su riƙa fitarwa kaɗan kaɗan a zaure na waɗanda suka biya, inda ake hira da su a kan labarin.

Sharaɗin ciniki ya fito fili tun kafin kuɗi ya shiga hannu: darasi nawa, ran yaushe, nawa za a biya, in malam ya yi tafiya yaya za a rama. Kuɗin sana'a kuma kada ya gauraya da na cefane. Wannan ya ƙara zama dole tun da aka saki Naira cikin Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haye 1,500 a farkon 2024, kana cikin Janairu 2025 hukumar sadarwa ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Wanda ke karɓar Naira, alhali wayarsa da abin ɗaukar muryarsa da dala aka shigo da su, in bai ware wani abu kowane wata ba, ran da waya ta mutu makaranta ta mutu.

Saura abu guda wanda ya kan kama mutum bayan kasuwa ta buɗe. Malamin nan mai ɗalibai 40, in kowa ya turo karatun minti goma a rana, sauraro kaɗai ya kusa cin sa'a bakwai, ban da gyara. Na arba'in da ɗaya ba shi da wuri. A nan waɗansu kan yi kwaɗayi su karɓi ɗari biyu, gyara ya koma "madalla, ci gaba", sunan da aka yi shekara biyar ana ginawa ya zube cikin wata uku. Makarantar allo ta riga ta san hanya: malam ya kan ɗora manyan almajirai su biya wa ƙanana, shi ya riƙe masu nisa, ya riƙa zagayawa yana duba allo. A intanet ma haka za a yi, sai dai a gaya wa ɗalibi tun farko wane ne zai saurare shi ran Litinin, wane ne ran Laraba, a kuma yanka wa mataimakin rabonsa cikin Naira 5,000 ɗin nan a rubuce.